Gungumen da Ba a Kiran Suna a Kansa

Ni haihuwar unguwar Nakkasa ne a Makka, kuma duk wanda ya san Nakkasa ya san ba mu da kogi. Dutse muke da shi, da matakala, da awakin da suka fi mu sanin hanya. Ruwa a garwa yake zuwa mana, a kafaɗar mai ga-ruwa. Amma duk faɗin Makka ban san yaron da ya kai ni tsoron kogi ba. Wannan aikin kakata ne, Hajja Kulu, Allah Ya jiƙanta.

Gyaɗa take sayarwa a bakin titin Mansur. Da an idar da magariba sai ta hau saman ɗaki, ta hura gawayi, ta ɗora kasko da rairayi ta fara suyar ta gobe. An kawo mata murhun gas har sau biyu, ta ce ita ba za ta zauna kusa da abin da ke huci kamar kububuwa ba. Mu jikoki mukan kewaye wutar, wai taya ta fifita, alhali ido na kan kasko. Ni ne babban ɓarawon. Hannuna ya ƙone ya fi sau dubu, kuma ban tuba ba.

"Kai maigida," haka take kirana, "miji ne kai ko ɓera? Kawo hannun in gani. Allah Ya ƙara!"

Idan ta ga mun natsu sai ta buga ludayi a gefen kasko ta ce, "Ga wata ta taso daga nesa, ku matsa mata wuri." Mu ce, "Ta zauna mu ji." Tana da su da yawa, na dariya da na wayo. Amma akwai guda ɗaya da idan za ta yi, sai ta rage wuta tukuna.

Wai wata mata ce ta taso tafiya mai nisa, da goyo a baya, da ɗanta ɗan shekara biyar riƙe da gefen zaninta. Suka iso wani kogi da ba a hango ɗaya gaɓar. Babu jirgi, babu mai fito. Sai ga wani gungumen itace mai rami a ciki ya taho shi kaɗai, ya tsaya a gabansu. Ya ce, "Ku shigo, zan kai ku. Amma suna ba ya hawa kaina. Daga nan har can, kada wani ya kira wani."

Dalili kuwa, a ƙarƙashin ruwan akwai mutane. Ba su da idanu, sai kunnuwa kamar faifai. Sun gina ɗakuna, sun share, sun shimfiɗa tabarmi, ba kowa a ciki. Ba su iya ɗaukar wanda ba su san sunansa ba, don haka aikinsu kawai saurare.

A nan Hajja takan yi shiru, ta karkata kai, ta kafa tafin hannu a bayan kunne. Sai mu ji ƙarar gawayi kaɗai. Ƙanwata takan cusa kai a cinyata, ni kuma ina neman inda zan cusa nawa.

Suka shiga, yaron a gaba, uwar a baya. Da suka kai tsakiya sai yaron ya hango furen bado yana yawo kan ruwa, ya miƙa hannu. Uwar ta ga ya sunkuya, bakinta ya riga hankalinta: "Wane!" Nan take kogin ya ɗauka. Dama ta ce wane, hagu ta ce wane, ƙasa ta ce wane, duk da muryar uwarsa. Yaron ya miƙe tsaye yana waige, bai san wadda zai amsa wa ba. Gungume ya isa gaɓa da mutum biyu.

"Hajja, sai me ya faru?"

"Sai ta gyara goyonta ta bi ayari. Me za ta yi?" Ta watsa mana gyaɗa a hannu. "Ta ƙare. Wanda ya jiƙa mini tabarma yau, shi zai wanke."

Ni ne na wanke, ba sau ɗaya ba.

Na girma, na yi aure, na yi tumbi, na koma unguwar Shisha da iyalina, ina sayar da kayan gyaran mota. Tsoron bai bar ni ba, sai dai na rufe shi da cika baki. A gidana kowa ya san na taɓa ninƙaya daga Jidda har na hango Sudan, na kuma mari wani kifi da ya yi mini kallon raini. 'Yata Sumayya, tana da shekara bakwai a lokacin, ta yarda da kowace kalma. Kuma don ina son in ga idonta ya zazzaro kamar yadda nawa yake yi, na ba ta tatsuniyar gungume. Har da kafa hannu a kunne. Na ma ƙara wa mutanen ruwan haƙora, abin da Hajja ba ta taɓa ba su ba.

Wani hutun ƙaramar salla, lokacin dogon agogon nan na Harami bai jima da fara haska gari ba, muka kai Sumayya malahi, wato filin wasan yara, a bakin gari. Bayan la'asar ne, rana na nan da sauranta. Tana shiga ta ja ni zuwa wani wuri da aka yi wa ƙofa kamar ƙaton littafi a buɗe. Daga tsakiyar shafin ruwa ke fitowa, kuma a kan ruwan, jama'a, gungume ne. Na roba ne, an yi masa fenti kamar itace, an rarake cikinsa, yana tahowa shi kaɗai ba mai tuƙi. Ya shige kogo, ya hau tudu, ya sulmiyo da mutane suna ihu.

Na ja na tsaya.

"Yalla, mu je, Baba! Wannan nake so!"

"Wannan ai na jarirai ne," na ce. "Mu je ga doki mai juyawa, shi ne na jarumai."

Mai kula da layin ya ce tsawonta bai kai ta hau ita kaɗai ba, sai da babba. Mahaifiyarta ta dube ni ta cikin niƙabi, ina ganin dariyar a idonta. "Ai ga wanda ya mari kifi. Kawo wayarka kada ta jiƙe, jarumi."

Ma'aikacin ya dube ni, ya dubi tumbina, ya dubi gungumen, kamar mai auna rago. Ya sa Sumayya a kujerar gaba, ya tura ni can ƙarshe, ya bar kujera biyu a tsakaninmu ba kowa. Ya ce mini, "Ya ammi," wato baffa, "ka riƙe ƙarfen, kuma ko me ya faru kada ka miƙe." Kafin mu motsa Sumayya ta juyo, fuskarta ba wasa, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Baba, ka tuna. Ba suna."

Muka shiga kogo. An jera labari shafi bayan shafi: gidan da aka gina da alewa, wani kifi mai hula yana kaɗa kai, tsuntsaye na waƙa da murya irin ta rediyon da batir ya ƙare masa. Yara na ganin abin sha'awa. Ni kuwa ruwan nake kallo, baƙi ƙirin, yana lasar gefen gungumen. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Sai komai ya ɗauke. Fitila, waƙa, motsin gungume, duka lokaci guda.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba. Na ɗaga hannu gaban fuskata, babu shi. Sai ɗigar ruwa daga sama, ɗis, ɗis, da numfashina. Na jira in ji ta yi kuka, ko ta ce Baba. Shiru. Na saki ƙarfe da hannu ɗaya na laluba gaba, na taɓa bayan kujera, ba kowa. Ta yi mini nisa.

Sai na ji tsulum. Wani abu ya faɗa ruwa, daga gaba.

Wallahi zan yi ƙarya a kan kifi, amma ba zan yi a kan wannan ba. Na buɗe baki in kira 'yata, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ni, mai shekara arba'in da ɗoriya, mai furfura a gemu, wanda ya san ruwan nan famfo ne ke tura shi. Na san haka sarai. Amma ina ganin Hajja ta karkata kai, ina jin kunnuwa sun buɗe a ƙarƙashina, dama da hagu, suna jira. Na ce, "Ke!" Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. Shiru. "Ke yarinya!" Shiru. Na yi yunƙurin miƙewa, gungumen ya tangaɗa, na koma na zauna da ƙarfi. Idan ta faɗa, kowane numfashin da na ja a banza nata ake ragewa. Idan kuma na kira... ban ma ƙarasa tunanin ba, don kunyar kaina ta kama ni. Ina zaune ina tsoron tatsuniya, 'yata tana iya kasancewa a ƙarƙashin ruwa.

"SUMAYYA!"

Na tabbata an ji ni a Arfa. Kogon ya maimaita sunan, dama da hagu. Sai wata 'yar murya ta fashe da kuka daga gaba.

"Baba, ka faɗa! Ka faɗa musu! Yanzu za su zo!"

Tana nan. Ta dunƙule a ƙasan kujera, ta toshe bakinta da hannu biyu don kada ta kira ni a ɗauke ni. Robar ruwan shanta ce ta suɓuce ta faɗa ruwa.

"Su zo," na ce, ina kuka ina dariya. "Sumayya, Sumayya, Sumayya! Ga shi na ƙara musu. Kira nawa ke ma."

"La, Baba, a'a!"

"Kira, na ce!"

Da ƙyar, cikin shessheƙa, ta ce, "Hamisu." Tun da aka haife ta ba ta taɓa faɗin sunana ba. Muka jira. Ba wanda ya zo. Muka ci gaba da kiran juna kamar masu gwanjo har fitila ta dawo, kifi mai hula ya ci gaba da kaɗa kai kamar bai yi komai ba. Gangarar da kowa ke yi wa ihu, ni ko a jikina. Na riga na ƙarar da tsorona a kogo. Thobe ɗina, wato jallabiyata, kuwa ya jiƙe, kuma har gobe ruwan malahi nake ɗora wa laifin.

Washegari na je Mansur gaida Inna, mahaifiyata, na kwashe labarin na ba ta da gishiri, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ajiye carbinta.

"Kai duk shekarun nan tatsuniya ka ɗauke ta?"

Ashe Inna ce goyon, Hajja ce uwar. A kogin Shari ne, kan hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa. Masu fito sun gargaɗi mata kada su kira yara a tsakiyar ruwa, don yaro idan ya ji sunansa miƙewa yake yi, kwalekwale kuma ba ya son a miƙe. Yayan Inna ya sunkuya, Hajja ta kira shi, ya miƙe. Shi ke nan. Babu masu kunne, babu ɗakuna.

Na daɗe ina juya wannan. Ina yaro na ɗauka tana tsorata mu ne don mu natsu. Yanzu ina ganin mace ce da ta ɗauki laifi ta ɗora wa bakinta, ya yi mata nauyi, sai ta ƙirƙiro wasu a ƙarƙashin ruwa su kama mata. Ta share wa ɗanta ɗaki, ta shimfiɗa masa tabarma, don ta iya barci. Ni kuma na ɗauko abin da ta yi wa kanta magani da shi, na sa masa haƙora, na toshe bakin 'yata da shi a ranar da ta fi bukatar ta yi ihu.

Ban ƙara ba kowa wannan labarin da sigar wasa ba. Sumayya ta zama budurwa yanzu, ta iya ninƙaya, abin da ubanta bai iya ba sai da baki. Amma har yau idan ta shiga wanka na ji shirun ya yi yawa, sai in tsaya a falo in kwaɗa mata kira har maƙwabta su leƙo.

"Uf, Baba! Ina nan!"

Sai in koma in zauna, in ci gaba da shan shayina.