Tallan Shinkafar Argungu

Wani mai injin casar shinkafa a Argungu ya nemi in riƙa yi masa talla a shafina. Na tafi cinikin da aminiyata, wadda ni na koya wa ɗaukar bidiyo. Muka daidaita, ya ce zai kira ni mu sa hannu. A hanyar komawa Birnin Kebbi har tana cewa na yi masa araha.

Da na ji shiru, sai na kira shi.

"Hajiya, ai ƙawarki tad dawo," in ji shi. "Tac ce kin fasa, ita za ta yi a rabin kuɗin."

Washegari na ga bidiyonta, tana murmushi, rungume da buhun shinkafar. Har yau ba ta neme ni ba.