Ƙurajen da Mama Ta Ɓoye Mini

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma ban ga abin da wannan matsayi ya tsinana mini ba sai ciwon kai. Mama ba ta kiran sunana. Tun ina ƙarama "waccan" nake, da na fara koyarwa a firamare a Samaru kuma na samu ƙarin girma na zama "ita malamar". In tana son ludayi, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A ce wa mutanen nan su miƙo ludayi," alhali gwiwata na gogar tata. Kunyar ɗan fari ke nan. Na ji wa'azi iri-iri a cocinmu, ban taɓa jin faston da ya yi gigin taɓa wannan ba.

Lokacin da aka cire mata nonon hagu saboda kansa, ƙanwata ce ta yi jinya. Ni kai abinci aka bar mini, in ajiye kula in tsaya bakin labule kamar baƙuwa. Mama ta warke, ta koma rumfarta ta daddawa da kuka a kasuwar Sabon Gari, ƙanwata kuma ta yi aure aka kai ta Kafanchan.

Wata Asabar na je gaishe ta a Muchia, na tarar da rigunanta a igiyar shanya, kowacce da tabon shuni a ƙirji. Maƙwabciyarta, wata Inyamura mai sayar da gwanjo, ta tare ni da Hausarta ta kasuwa.

"Malama, ƙurajen Mama bai tafi ba har yanzu?"

"Waɗanne ƙuraje?"

Nan na ji labari. Tun kafin damina wasu ƙuraje suka fito mata a gefen tabon aikin. Matan zumunta na cocinmu sun zo sun yi addu'a a kai. Mai kemis na bakin titi ya ce ƙurajen zafi ne, ya ba ta jibi, maganin nan mai launin shuni da ake shafa wa gyambo. Har mai kawo mata ruwa a kura ya kawo shawarar man kaɗanya. Duk unguwa ta sani, ni da na fito daga cikinta ce ban sani ba. Raina ya ɓaci.

Na shiga ɗaki na ce, "Mama, ki nuna mini."

Ta juya ta fuskanci kwanukan da ke jere a bango, ta ce musu, "A gaya wa mai tambaya ba komai ba ne. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Abin da ba ya ciwo ina ruwan asibiti da shi?"

Haka na fita na nemi masu wayar kuɗi a ƙarƙashin lema, na kira Kafanchan. Ƙanwata ta yi mata faɗa a waya yadda ni ban isa ba, sannan Mama ta yarda a je asibiti.

Ranar asibiti na tarar ta yi wanka ta ci ado, ta kuma malale ƙirjin da jibi tun daga hammata har haƙarƙari, wai kada likita ya ce ba a kula da wurin. Likitan, dattijo ne mai sanyin murya, ya leƙa wurin. Sannan ya ce, "Mama, launin fatar nake so in gani, kin kuma yi mata fenti." Sai da nas ta yi ta gogewa da auduga da sifirit. Mama ta ce a ce wa waccan ta fita. Na ce ko da 'yan sanda ba inda za ni.

A nan na fara ganin abin. Ƙananan ƙullutu ne jere a bin tabon, jaja-jaja, fatar gefensu ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo. Likita ya danna, ya sa ni ma na taɓa. Tauri kamar ƙwayar masara a ƙarƙashin fata. Ya ce ƙurajen zafi ba sa yin haka, kuma rashin ciwon ba abin kwantar da hankali ba ne. Amma ya ce ido da hannu ba sa yanke hukunci. Za a yi mata allurar kashe zafi a yanko ɗan ƙanƙanin nama, a kai ɗakin gwaji a duba a madubin likita, a gwada shi da na aikin farko.

Mama ta ce wa silin, "An ce ciwon daji ba ya son ƙarfe."

Na ce, "Jibi yake so?" Nas ta danne dariya, ni kuwa kuka ne ya kusa ƙwace mini.

Aka yanka, aka yi ɗinki a can ƙasan hammata. Aka ɗauki hoton ƙirji da na hanta, aka ɗibi jini. Da sakamako ya fito, likita ya ce kansar nan ce dai ta dā ta bazu zuwa fata. Ya ce akwai magani da zai rage mata gudu, bai ce warkewa ba. Ban tambaye shi me zai faru da mun zo tun kafin damina ba, don na san in ya amsa ba zan iya haɗa ido da kowa a unguwar ba. Ya ce dole wani ya riƙa wanke wurin kullum, yana lura ko sabo ya fito inda idonta ba ya kai.

Na kwaso kayana daga Samaru na dawo Muchia. Washegari da safe ina hura gawayi a tsakar gida, ina jiran in ji an aiko kwanuka su gaya mini wani abu. Na ji motsinta a ɗaki tana fama, hannun ya ƙi kaiwa ga ɗinkin. Can sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da wata irin murya kamar mai ɗanɗana sabon abinci. Har na waiga ƙofar gida ina neman wanda ya shigo.

Ta sake kira, ta ce, "Zo ki duba mini nan. Ke nake nufi."

Na wanke hannuna na shiga. Duk tsawon rayuwata nake jiran wannan kiran, sai da kansa ta ci rabin ƙirjinta sannan ta ga dama. Ina goge wurin ina mita, ita kuwa ta riƙe gefen zanina ba ta saki ba.