Jan Biron Gwaggo Asabe

Kun dai san Gwaggo Asabe, yayar babana, ba ta ɗora tukunya sai da littafi a cinya da jan biro soke a ɗankwali. Da ta yi ritaya daga koyarwa a firamaren Kafin Maiyaki, sai ta rasa wanda za ta yi wa maki, ta koma kan tsofaffin littattafan girkinta guda uku, waɗanda duk sun sha manja.

Wata rana ina karanta mata: "A zuba gishiri cokali ɗaya."

"Cokalin wa?" in ji ta. "Na ƙato ko na jariri?" Ta zare biro ta rubuta a gefen shafin: "Ki same ni a ofis."

Sai ranar da aka kawo mata giwan ruwa daga Tiga. Ɗaya daga cikin littattafan, na Turanci, ya ce a yanke kan a yar.

"Innalillahi! Kan kifi? Wannan baiwar Allah ba ta taɓa jin yunwa ba!"

Ta ba shafin biyu bisa goma. Na ce, "Gwaggo, biyun na mene ne?"

"Na hoton. Ya yi kyau."

Aron littattafan kuwa, ko matar mai unguwa ba ta samu ba. "Aro? Tsintsiya ce? Wanke hannu ki zauna ki kwafa." Amare har daga Badafi sun zauna a tabarmar nan suna kwafa, tana tsaye a kansu tana gyara musu rubutu. Yau duk gidan da kuka ci alkubus mai laushi a yankin nan, ku bincika, matar gidan ɗalibarta ce.

Ana gobe bikina mai kek ɗin Kano ta bugo ta ce ba za ta iya ba, ga dangin ango an yi musu alkawari. Ina ta kuka. Gwaggo ta ce, "Share hancinki, ɗebo min yashi." Ta zuba shi a tukunya, ta hura gawayi, ta buɗe littafi, ta gasa kek hawa uku!

Wata ƙanwar ango 'yar birni ta ci ta lumshe ido. "Hajiya, wane irin obin ɗin gashi gare ki?"

"Kina tsaye a kansa," in ji Gwaggo.

Wata huɗu ke nan da rasuwarta. Har yanzu in na ɗaga murfin tukunya sai in waiwaya, ina neman wadda za ta ɗanɗana. Allah ya ji ƙanki, Gwaggo, ya haskaka kabarinki, ya ciyar da ke abincin Aljanna. Amin.