Layin da Na Goge

Kafin in zama ɓarawo, ni mutum ne mai tsoron kuskure. Ban ce ni nagari ba ne, amma ko biro na ara ba na samun natsuwa sai na mayar. Iyayena manoma ne a wani ƙauye kusa da Bunkure, kuma ni na fara yin digiri a gidanmu. Wajen ƙarshen shekarun 1980 na samu aiki a wani kamfani da ke ba manoman rani taki da iri, in amfani ya nuna su sayar masa.

Ofishinmu na Kura yana da kwamfuta guda ɗaya, an lulluɓe ta da zane don ba mai taɓa ta. Manaja ya miƙo mini wani ƙaton littafin Turanci na ƙididdigar kasuwanci, ya ce in koya. Na riƙa bin sa babi-babi, in an kawo wuta in gwada. Fuskar kwamfutar gida-gida ce kamar fangalin albasa. Kowane manomi da layinsa: sunansa, girman gonarsa, da abin da ya girbe. Da wannan ake yanke wanda za a ba taki baɗi.

Littafin ya ce in an rasa adadin wani, ana iya cike gurbinsa da matsakaicin na sauran, muddin an bayyana. Gonakin ƙarshen kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, suna da nisa, hanyar duk laka. Sai na cike musu daga kan kujera, kuma ban bayyana ba, don kada manaja ya ce ni rago ne. A ganina a lokacin wannan ba sata ba ce. Wataƙila ma ba ita ba ce, amma daga nan na fara.

Alhaji Ɗanlami mai kula da sito shi ya gane. Ya kalli ƙafata ya ce, "Ɗan boko, yaushe ka je ƙarshen kanal? Takalminka ko laka babu." Ya yi dariya ya ce, "Ashe akwatin nan yana noma ba a shiga rana ba. To, mu ma ya noma mana." Abin da yake so shi ne in ƙirƙiro manoman da babu su, takinsu ya tafi kasuwa. Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi da sauri, don shi ma yana tunanin yi wa manaja zancen takalmi. Na so in ce tsoro kaɗai ya sa na yarda, amma gaskiya da ya kawo mini kasona ban mayar ba.

Takin da ake kawowa ba ya ƙaruwa, don haka duk manomin ƙarya da ya shiga, sai na gaskiya ya fita. A nan ma littafin na buɗe. Akwai babin da ya ce adadin da ya bauɗe da yawa daga sauran ana iya ware shi, bayan an binciki dalili. Ban binciki komai ba. Da shekara ta zagayo aka kawo adadin gaskiya na mutanen ƙarshen kanal, girbinsu ya yi ƙasa sosai saboda ruwa ba ya isa gare su, kuma ƙaryata ta bara ita ta rufe wannan. Na bi su na goge. A cikinsu akwai Malam Haruna, wanda ya koya mini karatun allo. Na ga sunan. Na ce wa kaina Haruna suna da yawa.

Ranar rabon taki ya zo a kan kekensa, da igiyar ɗaure buhu. Ya ce, "Ɗana, wai sun ce akwatinku bai san ni ba. Na ce ai ɗana ne ke zaune a gabansa, shi ya san ni." Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, aikin inji ne, ba ni da iko a kai." Ya naɗe igiyarsa ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." A shekarar alkamarsa ta yi rawaya tun ba ta fid da kai ba. Daga baya ya sayar da gonar.

Asirinmu ya tonu ne da babban ofis ya turo mai bincike, ya ce in kai shi ya gaisa da wasu manoman. Na yi ta zagaye da shi a babur, har na tsaya a bakin kanal na ce, "Ranka ya daɗe, babu su." A kotu Alhaji Ɗanlami ya rantse ko kunna kwamfuta bai iya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kaɗai aka ɗaure. Mahaifiyata ba ta ƙara zuwa kasuwar Bunkure ba saboda kunya.

Da na fito, gidan Malam na fara nufa don neman gafara. Ya rasu ina ciki. Na tarar da ɗansa Sabi'u yana ƙodago a gonar da ta kasance tasu. Bai daina ban ruwa ba ya ce, "Har ya rasu ya hana mu cewa kai ne. Kullum cewa yake inji ne ya manta da shi."

Na tuba, ina kuma fata Allah ya karɓa, ko da yake ba ni da tabbas. Ku matasa da ke koyon wannan ilimi, ku koya, ba shi da laifi. Amma in ba ku je ba, ku ce ba ku je ba. Kuma kafin ku goge layi, ku tashi ku je ku ga mai shi. Ni ban je ba sai da babu wanda zai yafe mini.