Wuƙar Yanka Albasa

Mahaifiyata ba ta iya cin abu ita kaɗai ba, amma ban taɓa zaton halin zai kai har kan magani ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Ammariyya ta Jidda, a wani tsohon bene da kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Da ciwon suga ya kama Umma, sai na riƙa kai ta wani ƙaramin asibiti a Aziziyya, wurin wani likita haifaffen Jidda, jikan mahajjata. Hausarsa ta kunne ce: yana ji sarai, amma in zai yi magana sai Larabci ya tallafe shi. Umma tana son sa don ba ya hantarar tsofaffi.

Duk zuwa sai ya gwada jininta, sugan ya ƙi sauka. Ya tambaye ta ko tana shan magani, ta ce kullum, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ya ƙara mata ƙarfin ƙwayar. Da aka jima ya sake ƙarawa.

Wata rana da hantsi na tarar da ita yashe a kicin, gumi ya jiƙe ta sharkaf, tana kallona ba ta gane ni ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A asibiti aka ce sugan ne ya faɗi ƙasa sosai. Da ta farfaɗo, likita ya jawo kujera kusa da gadon.

"Ya Hajiya, me ya canja a satin nan?"

Umma ta juya wa bango fuska. Sai da na sa mata kuka sannan ta yi magana. Ashe maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da iƙamarta, takardar izinin zama, ta mutu tun rasuwar kafilinta da ya tsaya mata, ita ma suga ke damun ta, kuma tsoro ya hana ta taka ƙofar asibiti. Kullum Umma takan sa wuƙar yanka albasa ta raba ƙwayar biyu, ta miƙa mata rabi. A satin nan matar ta je jinyar 'yarta da ta haihu, shi ne Umma ta riƙa haɗiye ƙwayar gaba ɗaya, wadda aka ƙara wa ƙarfi.

Umma ta dubi likita. "Kada ka tona mata asiri, ɗana."

"Halas, Hajiya. Ni likita ne, ba ɗan sanda ba. Jini nake dubawa, ba takarda ba."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo gidanmu cikin jallabiya, na'urar gwajin suga a cikin leda kamar mai dawowa daga cefane. Maƙwabciyar ta dawo, amma da ta ji an ce likita sai ta maƙale a ɗakinta. Umma ce ta je ta kamo hannunta. Ya gwada ta, ya duba ƙafafunta, ya ba ta nata maganin daban, ya ce daga yau kowa ya sha nasa. Tun daga lokacin, duk wanda ya je wurinsa daga unguwarmu sai ya tambaye shi: "Ku nawa kuke shan wannan?"

Ya sa takalmi zai fita, maƙwabciyar ta yi gyaran murya, idonta a ƙasa.

"Likita, akwai wata a hawa na uku. Rabin nan da ake ba ni, da ita muke rabawa."

Ya cire takalmin, ya ɗauki ledarsa. "Yalla, kai ni wurinta."