Jajayen Tukwanen Aro

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Laraba ba, lokacin ina kula da shagon ɗinki a wani gidan yari nan Filato. Ku sababbin gandirobobi, ku saurara.

A ƙa'ida, duk inda fursunoni ke aiki sai an rataye tukunyar kashe gobara, jar nan mai feshi. Namu sun daɗe da mutuwa. Da aka ce masu duba gari za su zo daga hedikwata, sai Oga, shugaban gidan, ya aika aka aro sababbi daga gidan man wani abokinsa. Baƙi suka gani, suka yaba, suka ci shinkafa. Motarsu ba ta kai ko unguwar Naraguta ba aka kwashe tukwanen aka mayar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko guda a bar mini. An jibge katifun soso a shagona, ga gugar gawayi muke yi."

Ya ce, "Kai ka saya?" Ya juya abinsa.

Ranar Larabar babu wuta, ga sanyin Jos, tagogi a rufe. Garwashi ya faɗo daga dutsen guga kan katifa. Wanda bai ga soso na ci ba bai san wuta ba. Fuu! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ga ƙofa ɗaya tal, a kulle kamar yadda doka ta ce. Ina laluben kwaɗo, mutane na tari suna faɗuwa a kaina.

Akwai wani Davou, fursunan da ya fi kowa iya ɗinki, saura kaɗan a sallame shi. Shi ya rungumi katifun da ke ci da hannu biyu, ya ja su nesa da ƙofa har muka fita. Soso ya narke ya manne masa a yatsu.

Kun san abin da Oga ya fara tambaya? "Kekunan ɗinki fa, sun tsira?" Na ce, "Sun tsira, ranka ya daɗe. Mai taka su ne bai tsira ba." Sati bai zagayo ba aka mayar da ni gadin hasumiya, wai bakina ya yi tsawo.

Ranar sallamar Davou, tsohuwarsa ta zo bakin get da yadin da take so ya fara ɗinka mata. Ta dubi yatsunsa a dunƙule, ta dube ni, ta ce, "Yallaɓai, da hannuwansa lafiya ya shigo nan."

Har yau abin na ci na.

Saboda haka ku riƙe wannan: mutumin da ka kulle ba shi da wajen gudu. Mabuɗi na aljihunka, to ransa da fatarsa ma suna wuyanka, ko Oga ya yarda ko bai yarda ba.