Kawu Bai Danna Ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai guga ne a ɗakin wankin wani otal. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a gaban tebur ɗaya, zanin gado ya zo, zanin gado ya tafi, har tururi ya cinye gashin hannunsa na dama. Ba ya ƙorafi. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan.

Bayan rasuwar matarsa, ni da kaina na saka masa wasa a waya, ko ya daina zama yana kallon bango. Wasan yaƙi ne, amma ba na gaggawa ba. Fili ne aka yanka gida-gida kamar tayil, a ba ka mayaƙa biyar. Ka matsa da kowa, ya kai sara ko ya ɓuya, sannan ka danna maɓallin "na gama". Sai abokan gaba su yi nasu. Muddin ba ka danna ba, ko ƙuda ba ya motsi. Wanda ya faɗi kuwa ya faɗi ke nan, ba ya dawowa.

Jiran nan ne ya kama Kawu. "A wurin aiki kowa sauri yake nema," in ji shi. "Nan kuwa ni ake jira."

Da ya kai mataki na arba'in, mayaƙansa saura biyu: wani ƙaton mai garkuwa mai nauyin jiki da yake kira Mai Guga, da wata mai magani mai koren ɗankwali. Bai taɓa faɗa mini sunan da ya sa mata ba, ni ma ban tambaya ba. Na san wadda ta saba ɗaura kore a gidansa kafin ta rasu.

A nan suka maƙale. Maharba uku sun ritsa su a bakin gada, duk inda mai maganin ta tsaya kibiya za ta same ta. Sai Kawu ya ƙi dannawa. Wata bakwai cur. Kullum lokacin hutun rana ya zauna kan buhun tawul, ya buɗe wayar, ya duba, ya rufe, ya koma guga.

Wallahi na gaji da abin. Ran nan na kai masa abinci wurin aiki, na fizge wayar, na ƙura mata ido. Ko minti biyar ban yi ba.

"Haba Kawu, ga hanya ƙiri-ƙiri. Ka sa Mai Guga a tsakiyar gadar ya tare. Su ƙare kibansu a kansa, ita ta tsallake."

"Na gani, 'yar nan."

"Ka gani? Yaushe?"

"Tun ranar farko."

Na ji kamar in maka wayar da ƙasa. "To wata bakwai me kake jira? Ai za ta rayu."

Ya karɓi wayarsa, ya goge gilashin da bakin rigarsa. Wani ya leƙo yana cewa hawa na uku suna jiran zannuwa. Kawu ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Za ta rayu," in ji shi. "Shi ya faɗi, ita ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. Na san yadda abin yake. Ba zan yi mata haka ba."

Ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki dutsen guga. Ko kwanon abincin bai buɗe ba.